Nawa Hular Nan Ta Ci Ki? Kira ga Masu Sana'ar Hannu a Zariya

Duk wanda ya san Zariya ya san ba a raina hannun mutanenta. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har gobe ɗaliban zanen gine-gine suna zuwa nazarinsa. Ka ratsa lungunan cikin birni da hantsi, za ka tarar da maza a zaure sun baza babbar riga a cinya suna fitar da aska takwas, mata kuma a cikin gida kowace da hula ko wuyan riga a hannunta. Ga dukawa, ga maƙera, ga masu saƙar faifai da tabarma. Gwaninta kam akwai ta. Abin da ke damuna, a matsayina na ma'aikacin wayar da kai da ke zagaya ƙungiyoyin masu ƙananan sana'o'i, shi ne yawan gwanayen da kayansu ba sa kwantai, amma kullum suna kwana da bashin mai zare ko mai fata a wuyansu.

In muka zauna da ƙungiya, tambaya ɗaya nake fara yi: kayan nan da ke hannunki, nawa ya ci ki? Amsar da aka fi ba ni ita ce, "Malam, ai dai ana samun na cefane, alhamdu lillahi." Godiya ga Allah wajibi ce, ba na jayayya da ita. Sai dai ba ta hana lissafi. Wanda bai san abin da kayansa suka ci shi ba, in mai saye ya taya, bai san inda zai ce albarka ba, bai san inda zai sallama ba.

Bari mu yi lissafin tare. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai, kowa ya sa na gaskiya da ya biya a kasuwa. A ce, Hajiya, kin sayi yadi da zare kin biya mai zane, duka naira 4,000. Wanki da gugar hula 500. Kuɗin motar yaron da ya je Sabon Gari sayen zare ya kuma kai wa mai saye, 500. Kin kashe 5,000 ke nan. Hula ta fita a 8,000, kika ce kin ci ribar 3,000. To, kwana nawa kika yi kina ɗinka ta? A ce mako biyu, awa uku kullum, bayan an sauke tukunya da kuma bayan sallar isha'i da fitilar waya. Awa 42 ke nan. Raba 3,000 gida 42, za ki ga kowace awa ta zo miki a kan naira 71 da 'yan kai. Wannan 3,000 ɗin ladan idonki da bayanki da yatsunki ne, kuma ladan ma bai cika ba. Ribar ba a kai gare ta ba tukuna.

Ga abin da za ki auna da shi. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Mai aikin awa takwas a rana, kwana 22 a wata, awarsa ɗaya ta kusa naira 400. Ba ina cewa dokar ta hau kan ɗinkin cikin gida ba ne, ma'auni kawai na ɗauko. Da za ki biya kanki da wannan ma'aunin, ladan hular nan 16,800 ne, in aka haɗa da kuɗin kaya ta tashi a 21,800.

Na san abin da za ki ce: wa zai saya a haka? Gaskiyarki, wataƙila babu, musamman in ta hannun 'yan sari za ta bi. Amma yanzu kin san inda ramin yake, kuma akwai abin yi. Wani zanen yana cin mako biyu, wani kwana biyar, alhali bambancin kuɗinsu a kasuwa bai taka kara ya karya ba. Mai cin lokacin a bar shi sai an yi oda an yarda da kuɗinsa. Zaren da kike aika yaro ya sayo sili-sili, in ku goma kuka haɗa kuɗi aka sayo muku kwali guda a sari, kuɗin mota ɗaya za ku biya, farashin ma ya sauka. Sannan ki san nawa hular ke fita a hannun ƙarshe. Dillaliya ba abokiyar gaba ba ce, ita ce ƙafar matar da ba ta fita, kuma tana da hakkin zirga-zirgarta. Abin da ya dace shi ne a yanka la'adarta tun kafin ta ɗauki kaya, a kuma gaya mata kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba.

Masu babbar riga su ma haka. Riga ɗaya takan bi ta hannun mai zane, mai ɗinkin hannu, telan da zai haɗa, da mabugi. In mai rigar bai rubuta abin da ya ba kowannensu ba, ranar ciniki da ka zai yi lissafi, kuma ka yakan manta ƙananan kuɗi, waɗanda su ne ke cinye riba.

Akwai wata asarar da ta fi wannan ɓuya, ita ce ta sa yawancin jarin mutanenmu ya narke tun daga cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ɗauki baduku da ya sayi fata da gam da zare na 10,000, ya yi takalma, bayan wata biyu ya sayar a 14,000. A ransa ya samu 4,000, ya kai su gida aka yi cefane. Ya koma sayen kaya da 10,000 ɗinsa, ya tarar abin da ya saya da su a da yanzu 13,000 ne. Dole ya rage yawan fatar, zagaye na gaba ya sake ragewa, shekara na juyowa sai ka gan shi yana yi wa wani aikin ƙodago a rumfar da a da tasa ce. Don haka, Malam, in za ka sa wa kaya kuɗi, ka tambayi farashin fata na yau. Da shi za ka sake saye, da shi kuma za ka yi lissafi.

Uwar kuɗi kuwa ba a taɓa ta. Mai cin uwar kuɗi daidai yake da manomin da ya surfe irin shukarsa ya yi tuwo da shi: ranar ya ƙoshi, damina ta zo ba abin da zai zuba a rami. Na san gida ba ya jira. Yaro zai yi zazzaɓi, za a yi haihuwa a dangi, ga gudummawar biki, ga kuɗin makaranta. Shi ya sa muke cewa ka yanka wa kanka albashi, na rana ko na mako, gwargwadon abin da sana'ar za ta iya ɗauka, hidimar gida ta fito daga ciki. Kuɗin sana'a ya zauna a wani wuri dabam, ko wani asusun banki ne, ko gwangwani ne mai murfi. In larura ta tilasta ka ciri wani abu, ka rubuta shi a matsayin bashin da sana'a ke bin ka, ka kuma biya.

Duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa. Shafi ɗaya abin da ya shigo, shafi ɗaya abin da ya fita, can baya sunayen waɗanda kake bi da waɗanda ke bin ka, kowanne da kwanan wata. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, lissafi bai san bambanci ba. Wadda ba ta rubutu ko kaɗan ta sa 'yarta ko jikarta ta riƙa rubuta mata kowace yamma, yarinyar ma ta samu koyon kasuwanci tun tana ƙarama.

Sai maganar bashi, wadda ta fi kowace nauyi a bakin mutanenmu. Yayanka ne, surukinka ne, abokin mahaifinka ne, ya ɗauki riga zai hau Sallah da ita ya ce, "Bari in an yi albashi." Ka ji kunyar tambaya, ya ji daɗin shirunka, wata shida ya wuce, ƙarshe kuna haɗuwa a ɗaurin aure kowa na kau da kai. A garin malamai irin namu ba sai na tsawaita ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajalinsa ambatacce. Ka ce masa cikin ladabi, "Yaya, bari in rubuta saboda halin rai, yaushe zan sa ran ciko?" Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Aikin oda kuma, ka karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kayan aikin gaba ɗaya, kada ka zuba jarinka a rigar da aka auna da jikin mutum ɗaya. A rubuta launi, zane, kuɗi da ranar karɓa, ko a tura juna a saƙon waya.

Ranar karɓar nan ma tana da hakki a kanmu. Kowa ya san abin da ke faruwa a goman ƙarshe na azumi: an karɓi aikin da ya fi ƙarfin hannu, ana ta "gobe in sha Allahu", mai kaya ya zo daren Sallah ya tarar ko yanka ba a yi ba. Wanda aka yi wa haka ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru. In ka san awannin da aiki ɗaya ke ci, ka san guda nawa za ka iya kafin Sallah. Ka tsaya a nan. Dukawa masu kayan doki su fara shiri watanni kafin hawa, su kuma tuna fata takan wadatu bayan layya.

Waya ta buɗe kasuwar da iyayenmu ba su samu ba. Mai saye a Abuja ko Legas yana iya ganin aikinka a WhatsApp ko Facebook ko Instagram. Ka ɗauki hoton da hasken safe, a kan farin ƙyalle marar tarkace, ɗaya daga nesa ɗaya kusa yadda za a ga tsarin ɗinkin, ka faɗi girma da kuɗi da wanda zai biya kuɗin aike. Kada a kai kaya tasha sai ka duba asusunka da idonka ka ga kuɗin sun zauna, domin alat na bogi ya yi yawa, hoton rasit kuwa kowa na iya haɗa shi.

Ɗalibanmu masu zane da sassaƙa da ƙera tukwanen zamani a Jami'ar Ahmadu Bello, maganar nan har da ku. Fenti da ƙyallen zane da kwanakin da kuka yi a kan aiki duk kuɗi ne. In an ba ku aikin hoto ko tambari, ku yi yarjejeniya a rubuce, ta faɗi sau nawa za a yi gyara da kuma ko mai aikin zai iya buga shi ya sayar.

Wuraren ƙaro ilimi suna kusa da mu. Cibiyar nazarin fata da kimiyya ta ƙasa, NILEST, tana nan Samaru, kuma aikinta ke nan horarwa a kan jima da ƙera takalma da jakunkuna. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003, ita ke kula da bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tana kuma shirya horo a kan tafiyar da kasuwanci. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ake yin ta, da ita ne za ka buɗe asusun banki da sunan sana'arka, manyan masu saye su ɗauke ka da muhimmanci. Irin waɗannan hukumomi sun fi saurin sauraron ƙungiya mai rajista da shugabanni da littafin kuɗi fiye da mutum ɗaya, don haka adashin da kuke yi a unguwa, in an tsara shi, yana iya zama ƙungiyar gama kai. Haka kuma ƙungiya za ta iya haɗa kuɗin rumfa guda a kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a Kaduna, abin da zai yi wa mutum ɗaya nauyi.

Shawarata a kan rance ita ce a jinkirta shi sai littafi ya yi wata uku yana magana. In lissafi ya nuna kowace hula faɗuwa ake yi a kanta, rance yawan faɗuwar zai ƙara. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, sai a je a ji sharuɗɗansu da kyau kafin a sa hannu.

A kula da masu yawo da sunan tallafi. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom ta asusun wani mutum don a sa sunanki a jerin masu cin gajiya, ko ya kira ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki a waya, kada ki ba shi, ko da ya ambaci sunanki da na unguwarku daidai. Ki tambayi shugabar ƙungiyarku, ko a tura wani ofishin hukumar da aka ambata ya ji daga bakinsu.

In an kira horo na gaskiya, ku je da littafinku da samfurin aikinku guda ɗaya da farashin kayan aiki na makon, domin a yi lissafin a kan abin da ke hannunku. Iyayen gida kuma, don Allah, ku taho da yaran da ke koyon aiki a wurinku. Su zauna kusa, a ba su biro su ma su yi lissafin.