Idan abokin aiki ya yanke jiki ya faɗi: tambayoyi da amsoshi kan na'urar farfaɗo da zuciya

Ana cikin aiki, mutum yana tsaye yana magana, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. An kira sunansa shiru, an girgiza kafaɗarsa shiru. Abin da na kusa da shi suka yi a mintuna uku zuwa biyar na farko ya fi komai tasiri a kan ko zai tashi. Ofisoshi da masana'antu da dama sun rataye na'urar AED, wato mai farfaɗo da zuciyar da ta tsaya ta hanyar ba ta shokin lantarki, a bango, amma ma'aikata suna wucewa ta gabanta kullum ba su taɓa buɗe ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Tsayawar zuciya da toshewar jijiyar zuciya ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Toshewar jijiya matsalar hanyar jini ce: wani sashe na naman zuciya ya rasa jini. Mai ita yawanci yana cikin hayyacinsa, yana dafe da ƙirji, gumi na keto masa. A zaunar da shi, a kira motar asibiti, kuma idan asfirin ba ya ba shi matsala, ba shi da matsalar zubar jini, a ba shi miligiram 300 ya tauna. Ita kuwa tsayawar zuciya matsalar lantarkin zuciyar ce. Maimakon ta buga, sai ta shiga karkarwa ba tsari, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, mutum ya sume cikin daƙiƙoƙi. Ta farkon tana iya jawo ta biyun, shi ya sa ake kawo na'urar kusa tun mutum yana magana.

Ta yaya zan gane zuciyarsa ta tsaya?

Alamu biyu sun isa: ba ya amsawa, kuma ba ya numfashi irin na kullum. Kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10, kuma kada ka tsaya laluben bugun jijiya, ko ma'aikatan lafiya suna kuskure a nan.

Akwai abin da ke yaudarar mutane. A mintunan farko, wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani kakari ko minshari jefi-jefi, yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Wani ma jikinsa yakan ɗan fizga kamar farfaɗiya. Sai ka ji an ce, "Ai yana numfashi, a ba shi iska." Wannan ba numfashi ba ne. A nan ake asarar mintunan da ba su dawowa, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini.

To me zan fara yi?

Nuna mutum ɗaya da yatsa, ka kira sunansa: "Kai, kira motar asibiti." Nuna wani: "Ke, ɗauko na'urar." Idan ka ce "wani ya kira", kowa zai ɗauka wani ya kira.

Kai kuma ka durƙusa gefensa, yana kwance rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka. Zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Wanda ya samu horo zai hura iska sau 2 bayan dannawa 30. Wanda bai samu ba ya ci gaba da dannawa kawai. Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, a riƙa karɓar juna duk minti biyu.

Ban taɓa koyon amfani da na'urar ba. Ba zan yi ɓarna ba?

Don irinka aka ƙera ta. Da ka kunna za ta fara magana, tana faɗa maka abin yi ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai filasta biyu masu waya, da hoton inda za a manna kowace: ɗaya a saman ƙirji ta dama, ƙasan ƙashin nan da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa, ɗayar a gefen hagu, ƙasa da hammata. Ana mannawa ana ci gaba da danna ƙirji. Idan ta ce a cire hannu, tana karanta bugun zuciyar ne. Idan ta ce a ba da shokin, ka ɗaga murya, "Kowa ya matsa!", ka duba da idonka babu mai taɓa shi, sannan ka latsa maɓallin. Wasu na'urorin da kansu suke bayarwa. Nan take ka koma danna ƙirji, bayan minti biyu za ta sake dubawa.

Na'urar ce ke yanke shawara, ba kai ba. Ba za ta ba da shokin ga zuciyar da ke bugawa daidai ba, ko da ka latsa. Haka in ta ce babu buƙatar shokin alhali mutum bai farfaɗo ba, ba ta lalace ba, akwai irin tsayawar da shokin ba ya yi wa magani. Ci gaba da dannawa har ma'aikatan lafiya su iso.

Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Masu kallon ƙwallo sun ga amfanin sauri ranar 12 ga Yuni, 2021, lokacin da Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili a wasansu da Finland. A nan filin aka danna masa ƙirji, aka ba shi shokin, kuma daga baya ya dawo taka leda.

Idan na karya masa haƙarƙari fa?

Yana faruwa, za ka iya jin ƙarar a ƙarƙashin hannunka. Kada ka tsaya. Ƙashi yana warkewa.

Me ya kamata a ajiye tare da na'urar?

Almakashi mai ƙarfi don yanke riga, domin filastar sai a kan fata. Tawul don goge gumi ko ruwa, saboda ba ta kama jiƙaƙƙen ƙirji. Reza, idan gashin ƙirji ya yi yawa har ya hana ta mannuwa, a aske wurin kawai cikin sauri. Sai safar hannu, da abin rufe baki na hura iska, da ƙarin filasta. Inda yara ke shigowa, a tanadi ta 'yan ƙasa da shekara 8.

In ka ga filastar magani a ƙirjin, ɓare ta ka goge wurin. In ka ji wani tudu mai tauri a ƙarƙashin fata, alamar an dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya, sai ka manna filastar ɗan nesa da tudun.

Mace fa, ko mai juna biyu?

Duk ɗaya ne, amma akwai abin da ya dame ni. Bincike ya nuna mata sun fi maza rasa mai danna musu ƙirji a bainar jama'a, saboda nauyin taɓa su da ake ji. A yanke rigar da ta ciki, a manna filastar inda ya dace, wasu su juya baya su yi mata shinge, a yafa mata mayafi. Mai ciki ma ana ba ta shokin, ceton uwa shi ne ceton abin da ke cikinta.

A ina ya kamata a ajiye ta, wa zai kula da ita?

Inda kowa zai gani, ƙarƙashin koriyar alamar nan mai hoton zuciya da walƙiya, ba a ofishin da ake kullewa in mai shi ya tashi ba. Ku gwada da agogo: daga lungu mafi nisa, mutum zai je ya dawo da ita cikin minti uku? In ba zai iya ba, ginin yana buƙatar ta biyu. Masu aikin dare da masu gadi su ma su san inda take.

Batir da filasta suna da wa'adi, yawanci shekara biyu zuwa biyar, kuma gam ɗin filastar yana bushewa. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa a rubuce, alhakin duba ɗan hasken da ke nuna lafiyarta da kwanan watan da ke jikin fakitin, a kai a kai. Bayan an yi amfani da ita a sa sabuwar filasta a ranar.

Idan ya farfaɗo kafin motar ta iso?

In ya fara numfashi sosai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a cire filastar, kada a kashe na'urar, zuciyar tana iya sake tsayawa. Wani ya zauna kusa yana kallon numfashinsa, wani kuma ya jira motar a bakin ƙofa don ya nuna musu hanya.