Kewar Tsofaffin Bugun Wasan Dungeons & Dragons

Kewar tsofaffin bugun wasannin almara na kan tebur wani yunƙuri ne da ya taso tsakanin masu wasan Dungeons & Dragons, galibi a Amurka da Turai, tun daga farkon shekarun 2000, lokacin da wasu suka ajiye sababbin littattafan dokokin wasan suka koma ga waɗanda aka buga a shekarun 1970 da farkon shekarun 1980. Masu abin suna kiransa OSR a taƙaice, ma'ana farfaɗo da tsohon salo. Da bege ya fara, amma bai tsaya nan ba, domin a ƙarshe ya haifar da sababbin wasanni da wata fahimta ta musamman game da yadda ya kamata a yi wasan.

Shi wannan wasa ana yinsa ne da baki da takarda da fensir. Mutum huɗu ko biyar suke zama a tebur, ɗaya ya zama alƙalin wasa mai bayyana duniyar da ake ciki, sauran kuma kowa ya riƙa magana da yawun jarumi guda, ko mayaƙi, ko matsafi, ko ɓarawo. Idan aka zo inda ake shakkar nasara, sai a jefa dayis, irin na ludo da wasu masu fuska huɗu, takwas, sha biyu har ashirin.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya fitar da shi a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko. Daga 1977 zuwa 1979 Gygax ya fitar da manyan littattafai uku na Advanced Dungeons & Dragons, a 1981 kuma Tom Moldvay ya tsara wani sassauƙan bugu mai shafi 64 kacal, wanda har yau da yawa daga masu wannan yunƙuri suke ɗauka a matsayin mafi tsabtar tsari. Jan kwalin da Frank Mentzer ya shirya a 1983 shi ne ƙofar da yara masu yawa suka bi suka shiga wasan. Gygax ya bar TSR a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sannan bugu na uku ya fito a 2000 da dokoki masu yawa da suka tanadi lissafi ga kusan duk abin da jarumi zai yi.

Abin da ake kewa ya fi fitowa fili idan aka dubi tebur ɗin kansa. A bugun 1981, ɗan wasa yana jefa dayis uku sau shida a jere, abin da ya fito shi ne ƙarfin jaruminsa da basirarsa da lafiyarsa, ba zaɓi, ba musanye mai yawa. Matsafi sabon shiga yana da tsafi guda ɗaya tak a rana, kuma makin ransa, wato yawan raunin da zai iya jurewa kafin ya mutu, ba ya wuce abin da dayis mai fuska huɗu ya ba shi sai ɗan ƙari, don haka sara ɗaya yana iya gamawa da shi. Toci na itace yana ci sa'a ɗaya ya mutu, alƙali kuma yana jefa dayis lokaci zuwa lokaci don ganin ko wani dodo mai yawo ya ci karo da tawagar. Mafi yawan makin ci gaba daga zinariyar da aka fito da ita daga kogo ake samunsa, ba daga kisan dodanni ba. Wannan tsari ya sa faɗa ya zama abin gudu, dabara ta zama jari. Shi ya sa sanda mai tsawon ƙafa goma ta zama alamar wannan salo: ɗan wasa zai ce yana bubbuga daɓen da ke gabansa da ita taki bayan taki, alƙali ya saurara, sannan ya ce ƙasa ta rufta a ƙarƙashin bakin sandar, ga rami da tsinin masu a tsaye a ciki. Ba lamba a takarda ce ta ceci jarumin ba, tunanin mai riƙe da shi ne. Matt Finch ya taƙaita wannan a wani ɗan littafi da ya rubuta a 2008, inda ya ce abin dogaro shi ne hukuncin alƙali, ba tarin dokoki ba. A nan ne ainihin ƙimar yunƙurin take, domin tattaunawar da ke gudana tsakanin mai tambaya da mai amsawa ita ce abin da littattafai masu kauri suka nemi rufewa.

Abin mamaki shi ne, bugu na uku da aka guje wa shi ne ya buɗe hanya. Tare da shi kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da lasisin OGL a 2000, wanda ya ba kowa damar amfani da kalmomin wasan da ginshiƙansa. Da yake a dokar Amurka haƙƙin mallaka yana kare lafazin rubutu ne ba tsarin wasa ba, sai marubuta suka sake rubuta tsofaffin dokokin da kalmominsu. Ɗaya daga irin waɗannan littattafai, OSRIC, ya fito a 2006 daga hannun Finch da Stuart Marshall, da nufin bai wa masu buga littattafai damar fitar da sababbin labaran kasada da suka dace da bugun Gygax na Advanced Dungeons & Dragons, wanda ya daɗe da ƙarewa a kasuwa. Labyrinth Lord na Daniel Proctor ya biyo baya a 2007, sai Swords & Wizardry a 2008.

Shekarar 2008 ta ƙara wa abin wuta. Gygax ya rasu a ranar 4 ga Maris, bayan wata uku bugu na huɗu ya fito da tsarin faɗa a kan taswira mai gidaje, wanda tsofaffin 'yan wasa da yawa suka ga ya yi nisa da abin da suka sani. Arneson ma ya rasu a Afrilun 2009, kuma a wannan shekarar aka fara taron Gary Con a Lake Geneva don tunawa da Gygax. Kamfanin Wizards of the Coast da kansa ya lura, ya sake buga littattafan Gygax a 2012.

Akwai masu suka, kuma suna da hujja. Tsofaffin littattafan sukan zo a hargitse, wata doka tana karo da wata, kuma bugun Gygax ya ƙayyade ƙarfin jarumai mata ƙasa da na maza. Haka nan babu wani salo guda da kowa ya bi a wancan zamani. Kowane tebur da al'adarsa, saboda haka wani ɓangare na abin da ake kira tsohon salo a shekarun 2000 aka tsara shi. Wannan bai rage masa daraja ba, sai dai ya nuna cewa ba ƙuruciya kaɗai ake nema ba. Da yawa daga masu wasa da Old-School Essentials na Gavin Norman, wanda ya fito a 2019, ko Mörk Borg na ƙasar Suwidin na 2020, ko Shadowdark na Kelsey Dionne na 2023, ba a ma haife su ba lokacin da aka buga littafin Moldvay.

A Janairun 2023 aka samu labarin cewa Wizards of the Coast na shirin soke tsohon lasisin da waɗannan littattafai da yawa suka dogara da shi. 'Yan wasa da ƙananan masu buga littattafai suka yi ca a kan kamfanin, kuma kafin watan ya ƙare ya janye, ya bar lasisin yadda yake, ya kuma saki ginshiƙan dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su.