Mene ne rabon kuɗin shiga da 'yan wasan kwandon mata na Amurka suka kafe a kansa?

A watan Yulin 2025, a birnin Indianapolis, zaratan 'yan wasan gasar ƙwallon kwando ta mata ta Amurka, wato WNBA, sun fito motsa jiki kafin wasan taurari sanye da baƙaƙen riguna. Abin da aka rubuta a ƙirjin rigunan shi ne a biya su bashin da suke bi. Hotunan suka bazu a intanet, wasu suka yi ta gatsali cewa wai mata na son a biya su daidai da LeBron James, fitaccen ɗan wasan kwandon maza. Wanda ya bi zancen ya san kalmar da ke bakin matan daban ce: rabon kuɗin shiga.

Ma'anarsa ita ce a ɗaure albashin 'yan wasa da kuɗin da gasar ke samu. A tattara abin da ya shigo daga gidajen talabijin, da tikiti, da masu talla, da cinikin riguna, sai a ware wani kaso da aka amince da shi a ce wannan na masu buga wasa ne. Idan kasuwa ta buɗe, albashi ya hau da kansa. Idan ta ja baya, ya sauka. Kamar bambancin yaron shago mai albashin wata ne da mai karɓar kamasho: na farko ko an yi cinikin sallah abin da zai ɗauka bai canja ba.

A gasar maza ta NBA haka tsarin yake. 'Yan wasa na ɗaukar tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari na kuɗin da harkar kwandon ta kawo, kuma a kan wannan lissafi ake tsayar da iyakar abin da kowane kulob zai kashe wajen albashi. A WNBA kuwa, yarjejeniyar da aka ƙulla a Janairun 2020 ta ce wannan iyaka za ta riƙa ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari duk shekara, ko gasar ta bunƙasa ko ba ta bunƙasa ba. An saka batun rabo a ciki, amma sai kuɗin ya haura wani mizani da ake tarawa shekara bisa shekara, sannan a raba rarar. Watanni kaɗan bayan sa hannu korona ta sauka, aka buga kakar 2020 a Florida ba 'yan kallo, mizanin ya ƙara nisa.

Ba za a ce yarjejeniyar ba ta tsinana komai ba. Ta ɗaga albashi mafi tsoka daga dala 117,500 zuwa 215,000, ta ba mai jego cikakken albashinta lokacin hutun haihuwa, ta ba kowace 'yar wasa ɗakinta ita kaɗai a otal idan an je wasa waje. E, kafin nan ƙwararrun 'yan wasa da dama bibbiyu suke kwana a ɗaki. Nneka Ogwumike, wadda aka haifa a Texas amma iyayenta 'yan Najeriya ne, ita ke shugabantar ƙungiyar 'yan wasan a lokacin, kuma tun 2016 take riƙe da kujerar.

Sai dai gasar ta girma ta fi ƙarfin takardar. A 2024 matashiyar 'yar wasa Caitlin Clark ta shigo gasar, filaye suka cika maƙil, har wasu kulob na ƙaura zuwa manyan zauruka idan za su karɓi baƙuncin kulob ɗinta, Indiana Fever. Albashinta na shekarar farko dala 76,535 ne. A shekarar aka sanar da cinikin nuna wasanni da Disney da Amazon da NBC na dala biliyan 2.2 na tsawon shekara 11. A 2025 Cleveland da Detroit da Philadelphia kowanne ya amince ya biya dala miliyan 250 don a ba shi gurbin sabon kulob, alhali albashi mafi girma a kakar bai kai dala 250,000 ba. Shi ya sa tun Oktoban 2024 'yan wasan suka yi amfani da damar da yarjejeniyar ta ba su, suka ce sun fice, a zauna a sake sabuwa.

Ƙarancin albashin nan ne ya daɗe yana tura su Turkiyya da Sin da Rasha da zarar an rufe kaka, su buga shekara cur ba hutu. A kan irin wannan tafiya aka kama 'yar wasan WNBA Brittney Griner a filin jirgin sama na Mosko a Fabrairun 2022, ba ta dawo gida ba sai Disamba, bayan musayar fursunoni.

Masu gasar su ma suna da hujja. Wasanni 44 kowane kulob ya buga a 2025, na maza 82. Shugaban NBA, Adam Silver, ya faɗa a 2018 cewa WNBA na asarar sama da dala miliyan 10 a shekara. Suka ce wanda ya ɗauki asara shekara da shekaru shi ya kamata ya fara farfaɗowa. A ganina hujjar tana da rauni a wuri guda: ba wanda zai zuba dala miliyan 250 a kasuwar da yake ganin ba ta da gaba.

A tattaunawar 2025, inda gizo ya yi saƙa shi ne a kan wane kuɗi za a raba. Kaso mai yawa na abin da ya rage bayan an cire kuɗin jirgi da hayar fili da ma'aikata zai iya gaza kaso kaɗan na jimillar abin da ya shigo. Haka nan an yi tambayar ko za a haɗa da kuɗin da kulob-kulob ke samu a ƙofarsu, ko kuwa na hedikwatar gasar kaɗai. Don haka duk sanda aka ambaci wani kaso a labarai, sai a duba kason mene ne, kuma wa ke da ikon buɗe littattafan ya ƙirga.