A Tura Mai Aikin Bita, Ba Oga Ba

Duk lokacin da wata masifa ta auku a Jos, mutane suna fitowa, wannan kam ba a ƙwace wa garin nan ba. 'Yan agajin masallatai, matasan coci, 'yan Red Cross, masu Keke, kowa da gudunsa. Amma tsaya ka tambaya: wa ke jan ragamar aikin? Mutum nawa aka kwasa, kuma wa aka kai wane asibiti? Sai a tsaya kallon juna. Can wani ya ce ai an yi bita a kan wannan. An yi, ba musu. Wa ya je? Oga.

Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Takarda ta zo ofis cewa a turo mutum biyu horo kan kula da jama'a lokacin bala'i. Shugaban sashe ya rubuta sunansa, ya ƙara da na wani da yake so ya ci kuɗin zama. A yi kwana uku a otal, a karɓi jaka da takardar shaida, a dawo a maƙala ta a bango. Ranar da ruwa ya ci unguwa da tsakar dare, oga yana gida waya a kashe, ko an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Wadda ke bakin aiki ita ce ƙaramar ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, sai duba-gari, sai direban motar asibiti, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da ake fara yi.

Mu a Jos ba sai an ba mu labari ba. A watan Yulin 2012 madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya shiga Rikkos da Gangare, ya ci rayuka da gidaje. A watan Mayun 2014 bama-bamai suka tashi a Terminus, fiye da mutum 100 suka rasu. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji ana cikin aji, rai 22 ya salwanta, fiye da 100 suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana nan tun 1999, jiha ma tana da tata, amma sa'ar farko ta waɗanda ke kusa ce. Kafin mota ta iso daga ko'ina, mutanen unguwa sun riga sun yanke shawarar da za ta ceci rai ko ta kashe shi.

Ga misalin abin da ake koyarwa wanda ba ya isowa ƙasa. Idan mutane da yawa suka ji rauni lokaci guda, ana tantance su ne kafin a ɗauka, a ba kowa launi gwargwadon tsananin rauninsa. A ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma gefe guda, waɗannan kore ne, za su iya jira. Ja shi ne wanda numfashinsa ke sarƙewa ko jini ke tsiyaya, shi ake fara ɗauka. Rawaya yana da rauni babba amma zai jure ɗan lokaci. Baƙi kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Mu me muke yi? Mai ihu muke ruga wa. Mai ihu ai yana da numfashi. Yaron da ke kwance shiru, leɓɓansa sun canza launi, shi ake tsallakewa. Sai a cika Keke da masu ƙujewa da targaɗe, a jibge su duka a asibiti mafi kusa, kafin a kawo mai tsananin rauni gadaje sun cika, likita ya rasa inda zai sa ƙafa. Alhali muna da asibitin koyarwa na JUTH, da Plateau Specialist, da Jankwano, da OLA. Mutum ɗaya mai littafi da biro da waya mai caji, yana rarraba su yana rubuta suna, ya isa ya hana uwa zagaye asibitoci har dare tana neman ɗanta.

Sai kuma bayan an tara mutane a makarantar firamare. Na sha shiga irin wannan sansani in tarar da buhunan shinkafa jibge har taga, ƙungiya uku duk shinkafa suka kawo, amma babu bokiti, babu sabulu, babu bargo, a garin da sanyin dare ke shiga ƙashi. Masai biyu na ɗalibai, ɗaruruwan mutane. Tsohuwa a zaune jikin allo, maganinta na hawan jini ya bi ruwa, ba wanda ya tambaye ta. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi a duniya a fili yake: aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, kuma a nisanta shi da rijiya da mita 30. Ba a bi wannan ba, amai da gudawa na tafe, ƙyanda na biye da su cikin yara. Wannan lissafin duba-gari ne ya kamata ya haddace, shi da zai nuna inda za a haƙa rami. Me zai amfana idan yana cikin jakar oga?

Ranka ya daɗe, Hajiya shugabar sashe, ba raini ba ne. Kuna da naku aikin a ranar: ku sa hannu a saki mai, ku buga waya a buɗe sito, ku tare 'yan siyasa masu zuwa ɗaukar hoto. Amma ba ku ne za ku ɗaure rauni ba, don haka ku bar mai ɗaurewa ya je ya koya. Kuɗin zaman nan nawa yake? Ku ma da aka tura kuka dawo kuka yi gum, ba ku tsira ba. Ilimin da ba ka koya wa abokin aikinka na dare ba, da shi da babu duk ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta jiran kowa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne:

- Gayyatar bita ta zo, a tura masu kwana a bakin aiki, har da direba da ungozoma.
- Wanda ya dawo ya tara sauran cikin makon ya koya musu, a kira mai unguwa da shugaban 'yan agaji.
- A rubuta wa ke riƙe da rijista, wa ke ruwa da masai, wa ke abinci, wa ke magana da asibitoci, kowanne da mataimaki. A liƙa a bango da lambobin waya, har da 112, lambar kiran gaggawa.
- A yi atisaye a filin makaranta kafin ruwan Yuli da Agusta, masallaci da coci tare.
- A ajiye sinadarin tsaftace ruwa, gishiri da sukari na sha, safar hannu, da ƙyallaye masu launi huɗu.

In an canza wa wani wurin aiki, a goge sunansa a takardar bangon a rubuta na wanda ya gaje shi a ranar, kuma a buga lambar a ji ta shiga.