Mayar da Sana'ar Hannu Kasuwanci a Damagaram

Mayar da sana'a kasuwanci shi ne mutum ya tashi daga mai iya wani aiki, kamar ɗinki, dukanci ko gyaran waya, ya koma mai cin gashin kansa: shi ke sayen kayan aiki, shi ke yanka farashi, riba tasa, asara ma tasa. A Zinder, wato Damagaram, wannan hanya ta girmi zuwan Faransawa a 1899. Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, birnin mahaɗa ce ta ayarin fatake tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus, kuma daga nan unguwar Zango ta samo sunanta. Maƙera, majema, magina da mahauta duk suna da sarakunansu na sana'a.

Daga yaron shago zuwa mai shago

Akasari ana farawa ne a hannun ubangida. Yaro ya yi shekaru yana shara, yana aike, yana kallo, kafin a bar shi ya taɓa almakashi. In hannunsa ya faɗa sai a yaye shi, wani ubangidan ya haɗa masa da keken ɗinki ko 'yan kayan aiki. Abin da ba a cika koya masa ba shi ne lissafi, don kuɗi a aljihun ubangida suke shiga, yaro bai taɓa ganin yadda suke fita ba.

Dukanci, wanda aka san Damagaram da shi, ya isa misali. Majemi ya jiƙa fatar akuya a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu. Baduku ya saye ta, ya rina, ya yanka, ya zauna kwana biyu da basilla yana ɗinka jaka. Ranar Alhamis a Kasuwar Dole mai saye ya taya, shi kuwa ya tuna kuɗin fata da na zare kawai, ya ce albarka, a ƙara kaɗan ya sallama. Kwana biyunsa bai shiga farashin ba. A nan ne gwanaye da yawa ke tsayawa: aiki na fita, jari ba ya motsi.

Jari

Banki ba kasafai yake zama mafari ba. An fi dogara da gudummawar dangi, sayar da tunkiya, ko adashi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya ɗora a kan wannan al'ada: mata su riƙa zubi duk mako a asusu guda, su ranta wa junansu, a biya da ɗan ƙari. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida takan samu buhun gyaɗarta na farko ta irin wannan hanya.

Samun jarin ma bai kai riƙe shi wuya ba. Bashin 'yan uwa da maƙwabta, da cefane daga cinikin yini, su ke cinye uwar kuɗi. Masu ɗorewa sukan ware aljihun shago da na gida, su karɓi kafin alƙalami kafin su yanka yadin mutum.

Kano na da nisan kusan kilomita 240, kuma yadi, zare da kayan gyaran waya da yawa daga can suke zuwa. Don haka tela a unguwar Birni ta Zinder yana sauraren canjin naira da sefa kamar ɗan canji. Ta fannin talla, hoton kaya a WhatsApp ya rage wa mata masu sana'a a gida dogaro da faranti a kan yarinya.

Rajista

Nijar na cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, wadda dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta ware matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa. Duk da haka yawancin masu sana'a ba sa neman lambar haraji sai ranar da wata ma'aikata ta ba su kwangila, ta ce sai da takarda za ta biya.