Kiɗan Metal na Punjab

Kiɗan metal na Punjab salo ne da ya haɗa heavy metal, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da ƙara wanda ake rera waƙarsa da kururuwa, da kayan kiɗan gargajiyar Punjab, yankin da aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Ƙungiyar da ta kai shi kunnen duniya ita ce Bloodywood ta birnin New Delhi.

Asali

An haifi metal a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, kuma Birmingham, garin ƙungiyar Black Sabbath, shi ne cibiyarsa. Shigar da kiɗan gida cikinsa ba a Indiya aka fara ba. Ƙungiyar Sepultura ta Brazil ta yi hakan a faifanta Roots na 1996. Abin da Punjab ta kawo shi ne bhangra, rawar da manoma ke yi lokacin girbin alkama, musamman a bikin Vaisakhi na watan Afrilu.

Kayan kiɗa

Ƙashin bayan salon shi ne dhol, babbar ganga mai fuska biyu da makaɗi ke ratayawa a wuya. Fuska ɗaya ana dukanta da dagga, sanda mai kauri da lanƙwasa a baki, sai ta ba da amo mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. Ɗaya fuskar kuwa siririyar tsumagiya ce ke kaɗa ta, sunanta tilli, muryarta tsiriri mai kaifi. Hannuwan biyu ke fitar da chaal, zubin bugu takwas mai ɗan tangaɗi da ke sa kafaɗa motsi. Duk wanda ya taso da finafinan Indiya a Kano ko Zinder ya san wannan amo daga wuraren biki, ko da bai san sunan gangar ba.

A nan ne haɗin ya yi armashi. Dhol gangar fili ce, an ƙera ta don a ji ta daga nesa cikin taron jama'a, saboda haka jita da gangunan zamani ba sa danne ta. Tangaɗin chaal kuma ya zo daidai da gutsi-gutsin bugun jita na salon nu metal, wanda dama a kan rawa da tsalle aka gina shi. Shi ya sa gangar ba ado ba ce a waɗannan waƙoƙi; sau da yawa ita ke jan ragama, jitar na biye da ita.

Akwai kuma tumbi mai tsirkiya ɗaya, da sarewa, wadda ke shigowa idan ana son sassauta zafin kiɗan.

Bloodywood

An kafa ƙungiyar a 2016. Karan Katiyar, mai kaɗa jita da busa sarewa, ya ajiye aikin lauya ya haɗu da mawaƙi Jayant Bhadula, suka fara da juya fitattun waƙoƙin zamani zuwa metal suna sawa a YouTube. A 2018 suka fitar da "Ari Ari", wadda tushenta tsohuwar waƙar gargajiyar Punjab ce, tare da mai gambara Raoul Kerr, wanda daga baya ya zama ɗan ƙungiya. Wannan waƙa ce ta fito da su. A 2019 suka hau dandalin Wacken Open Air na Jamus, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan metal na duniya.

Faifansu Rakshak ya fito a Fabrairun 2022, ya kuma shiga jerin faifan da suka fi samun kasuwa na mujallar Billboard ta Amurka. Bhadula na rerawa da Hindi da Punjabi, Kerr na gambara da Ingilishi, kuma ba su ɓata wannan ƙara a banza ba. "Gaddaar" ta caccaki 'yan siyasar da ke raba kan jama'a da sunan addini don neman ƙuri'a, "Dana Dan" ta yi kaca-kaca da masu fyaɗe, ita kuwa "Jee Veerey" lallashi ce ga masu fama da ciwon damuwa.

A Maris na 2025 suka saki Nu Delhi, wanda ya ƙunshi "Bekhauf" da suka yi tare da ƙungiyar Babymetal ta Japan, da "Tadka", waƙar yabon girkin Indiya.