Sashe na 20 na Dokar Lafiya bai ce maganin ciwon daji kyauta ba ne

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp daga Kubwa zuwa Nyanya, wai doka ta tilasta wa kowane asibiti yi wa mai ciwon daji magani kyauta, likitan da ya nemi kuɗi kuma sai gidan yari. Jama'a, a yi hattara, kada wani ya kai mahaifinsa asibiti hannu rabbana.

Dokar dai akwai ta. Ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu. Sashe na 20 ya hana likita, ma'aikacin lafiya ko asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

A kalmar "gaggawa" ake tuntuɓe. Wanda ƙari ya toshe masa hanji, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ko mai ciwon hanta da aka kawo yana aman jini, nasa gaggawa ce. Ba a ce masa "sai ka ajiye kuɗi" kafin a taɓa shi. Amma ba inda sashen ya ce an yafe kuɗin. Gwajin tsoka, gashin ƙari da na'ura da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin daji da ake yi wata da watanni kuwa, sashen bai lissafa su ba. Hatta asusun tallafin ciwon daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021, wanda Asibitin Ƙasa na Abuja ke ciki, da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza (prostate) ya fara. Hanji da hanta ba sa cikin jerin farkon.

Masu cewa ai ciwon ne ba ya raga wa baƙar fata, tunda a Amurka ma baƙaƙe sun fi farare mutuwa da dajin hanji, su sani babban kaso na wannan giɓin daga makara wajen gwaji da rashin inshora yake. Mu ma nan galibi sai ciwo ya ci jiki ake zuwa.

Ita kuwa tarar, tsakani da Allah, naira 100,000 a Abujar yau ko kuɗin ajiyar da wasu asibitocin ke nema kafin ba da gado ba ta kai ba.